Karyar da Ta Fi Ƙarfin Mudu

Jiya da dare na yi wani mafarki, kuma tun da na farka nake ta juya shi kamar shanyar dawa. Na gan ni da rana tsaka a bakin wata kasuwa da ban sani ba, ina rungume da kwando, karyata Cinnaka tana ciki.

Bari in faɗi ko wace ce Cinnaka, kada a ce tsoho ya ruɗe. Ni Nomau, shekara arba'in da biyu na yi ina awon hatsi a kasuwa, ban taɓa haɗa hanya da kare ba. Da gwiwa ta gaji na dawo gida na zauna, sai Allah ya haɗa ni maƙwabtaka da Madam Rifkatu, mai kiwon irin ƙananan karnukan nan da matan manya ke sakawa a jaka. In ka ga ɗaya a kan kujera sai ka ɗauka hular sanyi wani ya manta. A cikinsu aka haifi Cinnaka, sai dai ta ɗara 'yan'uwanta kaɗan, kamar yadda yatsan tsakiya ya ɗara maƙwabtansa. Madam ta ce masu saye ba za su kalle ta ba, ta wuce awo. Kalmar awon nan ita ta ja ni. Na ce a ba ni ita in ga yadda abin da ya wuce awo yake rayuwa. Shekara biyu ke nan tana tsakar gidana. Ba ta shiga ɗaki, ba ta kusantar buta, mun yi wannan yarjejeniya tun ranar farko kuma ta fi mutane da yawa cika alkawari. Kwanakin baya wani ɗan mitsitsi daga cikin na Madam ya biyo ta rariya ya kawo mata gaisuwa. Yanzu tana da ciki.

To, a mafarkin, ga ni a bakin kasuwa. Hayaƙi yana saukowa daga sama yana shiga murhun masu tuya. Wani mutum ya wuce ni yana goye da jakinsa, jakin yana yi masa faɗa a kan tafiyar hawainiya. Ban ga abin mamaki ba a lokacin.

A ƙofa akwai wata zabuwa zaune a kan kujera, ta maƙale biro a wurin da kunne ya kamata ya kasance. Ta dube ni ta ce, "Lafiya lau."

Na ce, "Ina wuni?"

Ta ce madalla, ashe na san al'adar garin, a nan amsa ake fara bayarwa, tambaya ta biyo baya in ta ga dama. Sannan ta leƙa kwandon ta tambaye ni ko wannan karya ce ko ƙarya ce, don a rubuce 'yar ƙugiya ce kawai ta raba su, ita kuma bironta ba ya yin ƙugiya. Na ce ta rubuta ta gaskiyar. Ta ce duk mai irin wannan kare sai ya bi ta Ofishin Awo kafin ya shiga gari.

Sai ga ni a layi. Mutane suna kwance a ƙasa suna hutawa, inuwoyinsu ne ke tsaye suna bin layin. Tawa inuwar ta karɓi kwandon ta ce in ɗan kishingiɗa. Na ƙi. Ban taɓa ba wani riƙon kayana a kasuwa ba, ko da inuwata ce.

Sarkin Awo raƙumi ne. Ofishin ya yi masa kaɗan, saboda haka wuyansa ya fita ta taga ya zagayo ya shigo ta ƙofa, sai ka ratsa ta ƙarƙashin haɓarsa kafin ka tsaya a gabansa. Yana sanye da tabarau. A kan teburinsa, bisa wani ɗan matashin kai, an ɗora mudu guda ɗaya.

Kallo ɗaya na yi wa mudun na san halinsa. Duk wanda ya yi awo ya san mudu iri biyu ne, akwai na saye akwai na sayarwa. Na sayarwa shi ne wanda aka kifa aka ɗan bubbuga gindinsa ya shige ciki, ido ba zai gani ba amma tukunya za ta ji. Ban ce na taɓa yi ba. Na ce na sani. Wannan na raƙumin kuwa an bubbuge shi har ya gaji.

Raƙumi ya yi mini bayani a natse. Ya ce dokar garin ita ce, kowane kare na wannan jinsi sai ya shige mudu ɗungurungum a shafe bakinsa da tafin hannu ba a taɓa gashi ba. Wanda ya shiga, a ba shi takarda da suna da asali har kaka bakwai. Ya ce duk shekara sukan ƙara wa mudun bugu ɗaya, saboda jama'a sun fi son ƙarami, kuma ofis na jama'a ne.

Aka ɗauko Cinnaka aka saka. Kai ya shiga, ƙirji ya shiga. Ƙugu da ciki suka tsaya a waje kamar tozon sa. Ta juyo da ido ɗaya tana kallona, irin kallon da take mini in na ci ƙashi ban rage mata ba.

Raƙumi ya sauke tabarau ya ce, "Ta yi saura. Sai an yi mata gyara."

Wallahi sai na ji sanyi a raina. Gyara ai abinmu ne. Mace ta sayi mudu uku na gero, ta tsaya ba ta ɗaure bakin buhu ba, ta ce maka gyara, kai kuma ka ɗebi cikin hannu ka ƙara mata. Shekara arba'in da biyu ban taɓa jin an ce gyara an rage wani abu ba. Na ce a raina mutanen nan 'yan kasuwa ne na asali, sun ga ta cika mudu har ta zuba, za su ƙara mata wani abu, ko ƙafa ɗaya ko 'yar jela. Zabuwa ta miƙo takarda. Na tsoma babban yatsa a ruwan zoɓo na dangwala, har ina godiya.

Ban ga lokacin da aka ɗauke ta ba. Na duba kwando sai na ga babu komai sai ɗuminta.

Sai ga ni a wata rumfar tela a bayan ofishin. Telan bushiya ne, alluransa duk a bayansa suke, in yana son ɗaya sai ya juya ya zara. Ya kwantar da Cinnaka a kan teburin yanka yadi, ya zana mata layi da alli a ciki. Ya ce in zauna, ba zai fara ba tukuna, inuwarsa ta tafi cin abinci, shi kuma ba ya taɓa almakashi sai tana nan.

A kan benci akwai ƙananan karnuka jere, kowacce da lambar yabo a wuya, lambar ta fi ta nauyi. Na zauna kusa da wata tsohuwa a cikinsu, fara, idanunta sun yi ruwa-ruwa. Ta ce sunanta Murjani, ita ta ci gasar awo sau biyar a jere, tana shiga mudu har a sami wurin ajiye cokali. Da ta gyara kwanciya sai na ga zif a cikinta, tun daga ƙirji har ƙasa, irin na jakar matafiya. Na duba sauran, kowacce da nata.

Na tambaye ta na mene ne. Ta ce na haihuwa ne. Ta ce su ƙofarsu ta yi wa 'ya'yansu kaɗan, kan ɗa ba ya wucewa, saboda haka in lokaci ya yi sai a kawo su wurin tela ya zuge ya kwashe ya mayar. Ita sau huɗu aka zuge ta. A na uku zif ɗin ya cije, aka kwana biyu ana shafa masa man gyaɗa, 'ya'ya biyu ba su jira ba. Ta faɗi wannan kamar mai ba da labarin farashin albasa. Ƙanwarta kuma, wadda ta fi ta kyau, an zuge ta sau ɗaya ba a sami abin mayarwa ba.

Na ce to ita Cinnaka zif za a ƙara mata ke nan, shi ne gyaran?

Murjani ta ce, "Baba, kai baƙo ne. Mu ake sa wa zif, don ana son irinmu. Ita ba a son irinta. Jakar za a cire gaba ɗaya da abin da ke ciki, a ɗinke, kada girman ya yaɗu."

Na dubi Cinnaka a kan tebur. Cikinta yana motsi a ƙarƙashin layin allin, wata 'yar gwiwa ta turo fata ta koma.

Murjani ta matso ta rage murya. Ta ce in ina son in ji abin dariya, in leƙa bayan dangar can. Na leƙa. Wasu karnuka ne mata, masu ƙugu, masu faɗin baya, kowacce ta kai Cinnaka ko ta fi ta, suna kwance a inuwa 'ya'ya na tsotso. Babu mai zif a cikinsu, babu mai lamba. Murjani ta ce ta ukun daga hagu ita ce uwarta. Ta ce rabin masu lambar garin daga bayan dangar nan suka fito, kowa ya sani, ba a dai rubutawa. Waɗannan masu su ba su bi ta ofis ba, ta baya suka shigo. Na tambaye ta to wa aka rubuta ya haife ta. Ta ce a takarda cokalin shayi ne.

Sai ga ni a gindin wata bishiya mai saiwa a sama da ganye a ƙasa, ana zaman shari'a. Raƙumi ne dai alƙali, ya baro jikinsa a ofis ya miƙo wuya kawai. Zabuwa na gefe da takardata. Matata Tabawa kuma tana zaune a kan tabarma tana mayar da gyaɗa cikin ɓawonta ɗaya bayan ɗaya tana rufewa. Ban tambayi yadda ta zo ba.

Ba ta ɗago kai ba ta ce, "Malam, kai da ko sunanka sai an nuna maka inda ya fara, me ya kai ka dangwala hannu?"

Na ce ai kalmar na sani.

Ta ce haka na ce ranar da na sayo mata maganin sauro a matsayin turare.

Na juya wurin raƙumi na kawo ƙarata. Na ce na auna hatsi a kasuwanni bakwai, na yi ciniki da Barebari da Yarbawa da Buzaye, ban taɓa ganin inda gyara ke nufin ragi ba, saboda haka yatsana ƙari ya dangwala wa. Raƙumi ya ce su ma ƙari suke nufi, suna ƙara wa jinsin kyau ne ta hanyar rage shi. Ya ce in tsaya in ji nasa. Ba mugunta ce ta sa aka ajiye mudu ba. Mutane sun yi shekaru suna tace wannan jinsi har ya zama abin da tsohuwa za ta iya ɗauka da hannu ɗaya, ya zauna a cinyar mara lafiya bai danne shi ba. In aka ce yau a bar wanda ya wuce awo da yatsa biyu, gobe a bar mai taƙi guda, jibi wani zai jawo kura da igiya ya ce karen cinya ce. Ya tambaye ni ko na taɓa ganin kasuwar da ta zauna babu mudu.

Gaskiya ban taɓa gani ba, kuma na faɗa masa haka. Ba na musu da gaskiya ko daga bakin raƙumi ta fito.

Amma na ce, "Ranka ya daɗe, da mudu ake auna hatsi, daga buhu ake zubo shi. A ina ka taɓa ganin an ce sai buhu ya shiga mudu kafin a yarda da geron da ke cikinsa?"

Tabawa ta tsaya da gyaɗa a hannu. Na ga magana ta shiga, sai na ƙara da cewa ban da haka ma mudun nasu na cuta ne, an bubbuge shi.

Raƙumi ya ce ya sani. Ya sa aka kawo mudun aka miƙo mini, ya ce in kifa shi in duba. Na kifa. A gefen gindin akwai wani ɗan tabo kamar ƙofar hanci, inda guduma ta taɓa zamewa. Na san tabon. Na san gudumar. Na san ranar, wata Laraba ce a shekarar da dawa ta yi tsada, ina da ƙuruciya da 'ya'ya huɗu.

Ya ce, "Bugun farko naka ne, Nomau. Mu ɗorawa kawai muka yi."

Tabawa ta ce ita dama ta daɗe tana mamakin yadda tuwon maƙwabta ke ƙarewa da wuri a shekarar nan.

Na nemi dutse, na zauna a ƙasa, na sa mudun tsakanin gwiwoyina na shiga fitar da gindinsa daga ciki. Aikin ya fi shigarwa wuya, kullum haka yake. Na bi shi a hankali har ya dawo yadda maƙeri ya yi shi, na ɗaga shi na ce a kawo ta a sake gwadawa a mudun gaskiya. Aka kawo ta da allinta. Kai ya shiga, ƙirji ya shiga, ƙugu ya shiga. Cikin ya tsaya a waje da kamar yatsa biyu. Na danna a hankali, ta yi ɗan ƙara, na janye hannuna. Ko mudun gaskiya bai ɗauke ta ba.

Aka mayar da ita teburin tela. Raƙumi ya ce ya ji maganar buhu kuma ta yi masa daɗi, amma ba a ba buhu takarda. Abu biyu ne, in zaɓi ɗaya. Ko a yi gyaran, ta fito da takarda da suna da kaka bakwai, ta zauna a benci da masu lamba. Ko a bar mata cikinta a soke ta daga jinsin, ita da abin da za ta haifa, su zama karnuka kawai, kuma sunanta ya zama na ofis.

Na tambaya ko kare kawai yana cin abinci. Aka ce yana ci. Na tambaya ko yana gane mai shi. Raƙumi ya ce wannan ba a taɓa aunawa ba.

Na ce a bar mata cikinta.

Zabuwa ta shimfiɗa takardar a ƙasa ta shiga tsattsage sunan, baƙi bayan baƙi, tana haɗiyewa kamar tsaba. Da ta gama ta ce in je in ɗauki kayana, amma doka ba ta yarda a sa hannu a teburin tela ba, sai dai in kira ta ta sauko da kanta. In ba ta sauko ba, takardar farko tana nan da yatsana a kai.

Ina isa rumfar sai ga inuwar bushiya ta dawo tana sakace haƙori. Ta shige ƙarƙashinsa. Ya juya ya zari allura, ya ɗauki almakashi.

Na buɗe baki in kira ta, babu sunan. Na laluba ko'ina a kaina, na sami sunan jakin kakana, na sami sunan wata mai koko da ta rasu tun ina saurayi, nata babu. Na ce ke. Duk karnukan benci suka juyo, ita ba ta juyo ba. Na ce 'yar nan. Na ce baiwar Allah. Bushiya ya ɗora bakin almakashi a farkon layin allin. Sai tari ya kama ni, irin tarin nan na ƙurar hatsi da ya zauna mini a ƙirji, mai fita sau uku da ɗan fito a ƙarshe.

Kunnenta ya miƙe. Ta tashi da ƙyar, ta taka almakashin ta wuce, ta tsaya a bakin tebur tana auna nisan ƙasa. Sannan ta faɗo tim, kamar ƙullin gari, ta taho tana rangaji ta zauna a kan ƙafata. Bushiya ya ce shi dama bai so aikin ba, yadin yana da kyau.

A nan kan ƙafar tawa naƙuda ta kama ta. Na cire hulata na shimfiɗa mata. Murjani ta sauko daga benci tana jan lambarta a ƙasa, ta tambaye ni ko zan bar ta ta kalla, don sau huɗu ta haihu amma ba ta taɓa ganin yadda ake yi ba. Na matsa mata. Sauran ma suka sauko suka kewaye mu, zif ɗinsu na ƙara kaɗan-kaɗan. Raƙumi ya zuro kai ta saman rumfa ya cire tabarau.

Ta yi nishi ɗaya, ta yi na biyu. Sai ga ɗan kai ya leƙo, jiƙe, bai fi ƙwallon goruba ba, ya tsaya yana duba garin. Murjani ta ce a hankali, "Ashe ta nan ne." Ɗan ya buɗe baki zai yi kukan farko, sai na ji ya yi kwaf, kwaf, kwaf, sannan shaaa.

Famfon tsakar gida ne. Ruwa ya zo bayan kwana shida, yana tarin iska yana zuba a bokitin ƙarfe. Gari ya waye har rana ta taɓa katanga. Ina jin Tabawa tana jan bokitai tana ƙwala mini kira, wai in fito in kau da Cinnaka daga bakin famfo, ta baje a hanya ta ƙi motsi, ita kuma ba za ta iya ture ta da tsintsiya ba, ta yi nauyi.

Na ce, "Bar ta ta yi. Ki zagaya."